Zanen da Na Share a Ƙofar Masi

Lewisham ce zangona na farko a Landan, kuma ba ni na zaɓe ta ba. Mutumin da ya yi mini hanyar aikin kula da tsofaffi tun ina Gusau shi ya turo mini adireshin wani ofis a can, ya ce da na sauka in wuce, ɗaki da aiki suna jirana. Na je da akwatina. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon aski, da tebur, da wata yarinya mai taunar cingam da ba ta taɓa jin sunana ba. Ta duba kwamfuta ta ce e, akwai ni, amma babu shift, wato layin aiki bai zo kaina ba yanzu, za a kira ni. Na tambayi ɗakin. Ta dube ni kamar na tambaye ta hanyar Ƙauran Namoda.

Mutane suna son in ce na yi kuka. To ban yi ba. Na ja akwatin na sauko titi, na tsaya gaban masu sayar da doya a kasuwa, don nan ne kawai na ga abin da na sani. Na kira Inna na ce na sauka lafiya, ɗakin ma da kyau, har da taga. Wata mata da ke zaɓen attarugu kusa da ni ta bari na kashe waya, sannan ta ce da Hausa, "Ƙarya kike wa tsohuwa. Ɗauko akwatin mu je."

Ita ce Anti Laraba, 'yar Jos, Kirista, tana aikin goge-goge a wani ƙaramin asibiti. A kan kujerar falonta na ci sanyin shekarar farko. 'Ya'yanta suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, kuma da Turancin ne ƙaramin ya tambayi uwarsa, a gabana, yaushe wannan antin za ta tafi. Uwar ta kai masa duka ya goce. Ni ban ga laifinsa ba, na hana shi kallon ƙwallo.

Daga nan sai Croydon. Na samu wani kamfanin da ya karɓe ni, yana ba ni shift na gaske, na shiga yawon bas daga gidan wannan tsoho zuwa na wancan. Ɗakin da na samu, gado ɗaya muke rabawa da wata mai aikin dare: in ta dawo na fita, in na dawo ta fita. Har na bar gidan ban san fuskarta sosai ba, ƙamshin man shafawarta kawai na sani a jikin filo. Wata rana mai gidan ya kawo ta uku, ya ce ai gadon yana zama ba kowa da la'asar. Na sake naɗe kayana.

Anti Laraba ce ta sake tsamo ni. Ta ce akwai wata tsohuwa Ba'indiya da ke zuwa asibitinsu, tana neman macen da za ta zauna da ita a Woolwich. "Sai dai ba a cin nama a gidan," in ji ta. "Za ki iya?" Na ce ko ciyawa ake ci zan iya.

Sunanta Sabita, amma kowa Masi yake ce mata, wato inna da yarensu. Flat ɗin na council ne, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a bene, ƙofofin a jere suna kallon doguwar baranda ɗaya. Ciki kuwa, in ka miƙe hannu biyu a kicin ka taɓa bango da bango. Ɗakina da can wurin ajiye kaya ne, gado da wurin shimfiɗa sallaya, shi ke nan. Amma yana da ƙofa, ƙofar kuma tana rufuwa. Wanda bai kwana a falon mutane ba ba zai gane abin da nake nufi ba.

Da Turanci muke magana, nata da nawa duk a karye. Ranar farko ta faɗa mini dokoki: ba nama, ba ƙwai, ba takalmi. Na ce to. Ban taɓa gaya mata cewa ni 'yar mahauci ce ba, kuma da kuɗin naman saniya aka yi mini makaranta. In kwaɗayi ya tashi sai in ci tsire a tsaye a bakin kasuwa, in wanke baki, in dawo kamar mutuniyar kirki. A Yuganda aka haife ta, tana yarinya suka dawo Ingila, don haka takan ce, "Ni da ke duk 'yan Afirka ne, dikri." Dikri 'yata ke nan. Da safe takan kunna turaren tsinke a gaban gumakanta da ke cikin wani ɗan kabad, irin turaren da Inna ke kunnawa daren Juma'a sak. Ƙamshin yakan shigo ta ƙasan ƙofata ya tayar mini da kewar gida, ba na kuma jin daɗin hakan.

Hannun Masi rawa yake. Shayi yana zuba, tukunya tana ƙonewa, sau ɗaya na same ta zaune a ƙasan banɗaki tana cewa hutawa take. Ɗanta guda, Nilesh, yana Leicester, kuma ya daɗe yana so ya mayar da ita care home, gidan kula da tsofaffi, kusa da shi. Ita kuwa ta ce a gidan nan mijinta ya mutu, a nan za ta jira nata. In ta tafi, council za ta karɓe flat, ni kuma in koma jan akwati. Ba mu taɓa zama mun ƙulla komai ba, amma kowa ta san aikinta. Ƙonanniyar tukunya nakan kai ta bola ta ƙasa. Abin da ya zube nakan goge kafin ya bushe. In Nilesh ya kira ya ce a ba ni waya, sai in ce Masi lafiya lau. Da a wurin aiki ne, da tuni na kai rahoto. Ina ƙaunarta, amma gaskiya ɗakin ne kan gaba.

Da sanyi ya fara shigowa ta ce Diwali ta matso, sallarsu ta fitilu. Ta yi mini bayani cewa Lakshmi, wadda suka ɗauka ita ke raba arziki, ba ta shiga gida sai mai tsabta da haske. Na saurara, kowa da abin da ya tarar a gidansu. Sannan ta ce, "Ranar Nilesh zai zo. Duk shekara ƙofa yake fara dubawa. In ya ga ƙofar kamar kullum, zai ƙyale ni wata shekarar."

Muka shiga aiki. Ban san ƙaramin gida yana iya ɓoye ƙura haka ba. Na sauke labule na wanke, na ja kujera zuwa bango don a samu wurin zama a ƙasa, na goge kwanukan tagulla da lemon tsami da gishiri har suka fara nuna fuska. Kabad ɗin gumakan ita ta goge da kanta, ban taɓa shi ba, ita ma ba ta nema ba. Ta aike ni kasuwar Woolwich na sayo furanni masu ruwan goro, ta zauna tana tsira su a zare da allura, rabinsu suna faɗuwa ina tsince mata. Na hau kujera na rataya igiyar furannin a saman ƙofar shigowa, tana ƙasa tana cewa hagu, a'a dama, a'a yadda yake da farko. Na zagaye tagar falo da 'yan ƙananan ƙwayayen lantarki. Ta fito da wasu 'yan kasake na yumɓu daga gwangwanin biskit, ana zuba man shanu a sa lagwanin auduga, aci-bal-bal ce dai irin ta kakata. Nilesh ya hana ta kunna wuta tun da ta ƙona tawul, ya aiko mata da masu batir. Ta jera masu batir a kan taga, ta ware kasko ɗaya na gaske ta ɓoye bayan tukunyar fulawa, ta dube ni. Na kawar da kai.

Ana saura kwana biyu aka ba ni aikin kwana a gidan wani tsoho a Eltham. Ban dawo ba sai safiyar Diwali.

Na hawo bene na taho ta baranda, sai na tsaya. A daidai ƙofarmu an barbaɗa gari, fari da ja da rawaya, ya yi kaca-kaca da siminti. Wani dogon shafe na kore da shuɗi ya ja gefe guda, kamar inda gwangwani ya gangara yana zuba. Tunani biyu suka zo mini tare. Na farko, Masi ta fito da kayan girki sun kuɓuce mata, kuma yau Nilesh zai zo. Na biyu ya fi na farko tsufa a jikina: a garinmu in ka tarar an barbaɗa gari a bakin ƙofarka, ba ka tsallakawa.

Ina tsaye sai ga Baba Isa, maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da council ta kawo shi gidan a bazarar nan. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya leƙo, ya dubi garin, ya girgiza kai.

"Hajiya, kar ka tsallaka," ya ce. "Ka san abin da wannan mata yake yi cikin ɗaki?"

"Baba, ina jin zubewa ya yi."

"Ko zubewa ne, share shi tukuna. Bari na kawo tsintsiya."

Ya kawo tsintsiya da bokitin ruwa. Na yi bisimilla, na karanta Falaƙi da Nasi, na share tas, na kwashe, na sheƙa ruwa na bi da buroshi. Shara dai an koya mini ita da kyau. Ina cikin tsane ruwan ƙofa ta buɗe. Masi ce, ta yi wanka, ta ɗaura sabon sari ja, tana riƙe da faranti da 'yan kasake za ta jera a waje.

Ta dubi simintin. Ta dubi tsintsiyar a hannuna. Baba Isa ya karɓi bokitinsa ya shige ɗaki, ko sallama babu.

"Ina rangolina?" ta ce.

Ban san kalmar ba. Ta ajiye farantin, ta zauna a kan kujerar da ke bakin ƙofa, ta ɗage sarin ta nuna mini gwiwoyinta. Sun kumbura, sun yi baƙi. Ta ce zane ne da ake yi da garin shinkafa da launi a bakin ƙofa don tarbar Lakshmi. Jiya tun hantsi ta durƙusa a kan filo take yinsa, sai da rana ta kusa faɗuwa ta gama, da rarrafe ta kai ga ƙyaure ta kama ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na ba ta haƙuri. Ta ce haƙuri ba ya zana komai, kuma ko za a kashe ta ba za ta iya sake durƙusawa ba. Nilesh da azahar zai iso.

Na ce, "Masi, ni na iya zane. A gida ni nake yi wa amare lalle."

"Addininki ya yarda?"

Wannan tambayar ni ma ita nake wa kaina. Na tsaya na auna. Na ce zan zana fure da ganye, kamar yadda zan zana a hannun kowace mace, abin da ke zuciyarta kuma nata ne. Sai ta ce akwai 'yan sawun ƙafa da ake yi daga zanen zuwa cikin gida, sawun Lakshmi. Na ce wannan kam ban da ni. Ta gyaɗa kai, ta ce ita ma ba ta so wani ya yi mata su.

"Me zan zana? Me kika yi jiya?"

Ta dube ni ɗan jim. "Ke da kika gani. Yi abin da kika iya."

Na busar da simintin da tsumma da na'urar busar da gashi. Na naɗe takarda kamar ledar lalle, na huda bakin, na zuba garin shinkafa. Na fara daga tsakiya, fure mai ganye takwas, na zagaye shi da reshe, na cika da kurkur da jan gari da ɗan sauran koren da ya rage a gwangwani. Rabona da zane tun bikin ƙanwata. Hannuna ya tuna da kansa, ni kuma na biye masa, na manta don me nake yi. Na ƙara layi, na ƙara ɗigo, na gyara inda ba ya buƙatar gyara. Wata Baturiya mai tura keken jariri ta tsaya ta ɗauki hoto. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Sai sawun. Na kawo wa Masi 'yar kujera, na riƙe ta ta hammata ta sunkuya. Ta dunƙule hannu, ta tsoma gefensa a jan garin da ta dama, ta danna a ƙasa, ta ɗiga 'yan yatsu a sama. Ina riƙe da ita ina tunanin ko riƙon ma yana da hukunci. Hannun yana rawa. Sawu ɗaya ya kalli bango, ɗaya ya shafe, ɗaya yatsunsa sun tafi can gefe su kaɗai. Da muka miƙe na ja baya na duba, sai na ga ɓarnar da na yi. Da zanenta ne shi kaɗai, da komai karkatarsa abu ɗaya ne. Yanzu ga layukana a miƙe kamar an sa rula, ga nata a kusa da su. Ko makaho ya shafa ya san hannu biyu ne, ya kuma san halin da ɗayan yake ciki.

Ba lokacin sakewa. Ta jera kasake, na kunna na batir, ta kunna nata na gaske.

Nilesh ya iso da matarsa da kwalin alewa. Mutum ne mai furfura kaɗan, mai sanyin magana, ba irin mugun da na riƙa zanawa a raina ba. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Ya miƙa wa matarsa kwalin, ya tsuguna. Furen bai ɗauke shi lokaci ba, kallo ɗaya ya yi masa. Sawun ya daɗe yana kallo. Ya yi wa uwarsa wata tambaya da yarensu, ta amsa da kalma ɗaya, da ƙarfi. Ya sake tambaya, ta sake amsawa da ita. Sai ya miƙe, ya sunkuya ya taɓa ƙafafunta kamar yadda suke gaisuwa, ya kama hannunta na dama ya riƙe cikin nasa biyu. Ina ganin hannun yana rawa har cikin nasa.

Ya juyo ya ce mini da Turanci, "Zanen ya yi kyau. Na gode." Ya cire takalmi, ya raɓa ta gefe don kada ya taka, ya shiga.

An ci abinci a ƙasa, an yi dariya, an ba ni alewa har ta ishe ni. Da magariba na shiga ɗaki na yi salla, ina jin ƙarar wasan wuta daga wajen kogi. Ba wanda ya ɗaga maganar care home. Ya ga kaskon wutar bai yi faɗa ba, daga nan na san ya riga ya yanke shawarar ɗauke ta.

Kafin Kirsimeti ya dawo da motar kwasar kaya. Ya yi mini adalci, ya sanar da ni da wuri, ya ce zai rubuta wa duk mai gidan da zan nema cewa ni mutuniyar kirki ce. Na taya su ɗaure kwalaye. Igiyar furannin ta bushe a saman ƙofa, ni na sauke ta. A simintin kuwa kurkur ya kama, ruwan sama bai gama wanke rawayar ba. Akwatina na tsaye a baranda, Anti Laraba ta ce kujerar falo tana nan.

Na rako Masi har mota, na gyara mata bel. Nilesh ya koma sama ya rufe ƙofa. Ta riƙe mini hannu.

"Dikri, wancan na farkon, wanda kika share. Ke dai kin gan shi. Ya yi kyau?"

Na ce, "Ya yi kyau, Masi."

"Mene ne na zana?"

Na yi saurin cewa, "Fure. Babban fure."

Ta girgiza kai. Sannan ta ce, "Ɗawisu ne. Tun Nilesh yana goye ɗawisu nake zanawa, ban taɓa yin wani abu ba."

Sai a lokacin na gane dogon shafen nan na kore da shuɗi jela ce. Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba ran nan? Ai da na zana shi."

"Na so in ga ko kin gane shi."

Ta saki hannuna, ta ɗora nata biyu a cinya, ta daɗe tana kallonsu suna rawa. Nilesh ya sauko da makulli.

"Ashe yaron nan yana da gaskiya," ta ce. "Rufe mini ƙofar, akwai sanyi."

Na rufe.